An ce miki CIN1 ne, wai ki dawo bayan shekara

Akwai maganar da nake maimaitawa a wurin aiki kusan kullum har ta kusa zame min waƙa, shi ya sa yau na ce bari dai in zauna in rubuta ta gaba ɗaya, duk wadda ta tsinci kanta a wannan halin ta karanta a tsanake ba a tsaye a bakin ƙofar likita ana kiran ta gaba ba. Maganar ita ce, idan an yi miki gwajin bakin mahaifa aka ce an ga 'yan canje-canje masu sauƙi, wato abin da za ki ga an rubuta CIN1 ko LSIL a takardar rizalt ɗinki, to 'yar uwa ba kansa gare ki ba. Kuma idan likita ya ce ki tafi gida ki dawo bayan wata 12 bai rubuta miki ko ƙwaya ɗaya ba, wallahi ba wulaƙanci ya yi miki ba, ba kuma rashin sanin aiki ba ne. A mafi yawan lokuta wannan jiran shi ne abin da ya dace a yi. Amma fa jira ne mai sharaɗi, sharaɗin kuma shi ne ki dawo.

Ni nas ce, a ɓangaren mata nake, kuma ina ganin yadda fuskar mace ke canzawa da zarar an ambaci sankarar bakin mahaifa ko da kuwa cewa aka yi ba ita ba ce. Kunne ba ya ɗaukar "ba" ɗin, sankarar kawai yake ji. Daga nan duk bayanin da likita zai yi iska ce ke ɗauka, sai ta koma gida ta buɗe waya cikin dare ta shiga bincike, ta ci karo da hotuna masu tayar da hankali na cutar da ta riga ta yi nisa, waɗanda ko kusa ba su da alaƙa da abin da ke jikinta.

To bari mu fara daga tushe. Kusan duk wata sankarar bakin mahaifa ƙwayar cuta ɗaya ce ke jawo ta, HPV. Wani masani ɗan Jamus, Harald zur Hausen, shi da abokan aikinsa ne suka gano nau'i na 16 da na 18 a cikin ƙarin kansar a farkon shekarun 1980, har aka ba shi kyautar Nobel a 2008 a kan wannan aikin. Nau'o'in HPV sun haura 200, amma kimanin 14 ne masu haɗarin kai mutum ga kansa, a cikinsu ma 16 da 18 su kaɗai ke da alhakin kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Ta hanyar saduwa ake ɗauka, har da gogar fata da fata a wurin, kuma ta yi yawan da mafi yawan mutanen da suka taɓa saduwa, maza da mata, za su ɗauke ta a wani lokaci a rayuwarsu ba tare da sun ma sani ba. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi, ba ruwa, ba komai. Garkuwar jiki ce ke yin aikinta shiru, kusan 9 cikin 10 na masu ita jikinsu ya kawar da ita cikin shekara 2.

Yanzu shi CIN1 ɗin mene ne? Bakin mahaifa akwai wata siririyar fata da ta lulluɓe shi, ƙwayoyin halitta ne a jere hawa-hawa kamar yadda ake jera bulo a katanga, sababbi na fitowa daga ƙasa suna girma suna hawa sama. Idan HPV ta shiga ta zauna sai ta fara hargitsa layukan ƙasa, siffarsu ta canza. Idan hargitsin bai wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurin fatar ba, daga ƙasa, shi ne CIN1. Ya kai kashi biyu cikin uku, CIN2. Ya wuce nan har ya kusa cinye kaurin ko ya cinye shi duka, CIN3. Kuma ki lura, duka ukun nan a cikin fatar saman suke, ba su huda sun shiga naman ciki ba. Sai sun huda ƙasan nan sun kutsa ciki sannan ake kiran abin kansa. Shi ya sa ma likitoci da yawa yanzu suke ɗaukar CIN1 a matsayin alamar cewa HPV tana nan tana aiki a wurin kawai, CIN3 kuma da wani ɓangare na CIN2 su ne ainihin abin da ake gudu a bari. Hanyar kuma doguwa ce, ga mace mai lafiyar garkuwar jiki yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin irin waɗannan canje-canjen su zama kansa, in ma za su zama ɗin.

Wani abin da ke rikita mata shi ne sunaye biyun nan, LSIL da CIN1, wata ta zo min da takardu biyu hannunta na rawa tana tsammanin cuta biyu aka gano mata. Asali LSIL sunan da ake ba sakamakon gwajin Pap ne, wato wanda ake shafo ƙwayoyin halitta daga bakin mahaifa da ɗan burushi a duba a madubin lab. Gwajin ya samo sunansa daga George Papanicolaou, likita ɗan Girka da ya yi aiki a Amurka, tsarin rubuta sakamakon kuma da ake kira Bethesda tun 1988 aka fito da shi. Shi kuwa CIN1 sai an ɗan gutsuro naman wurin an duba, wato bayopsi, sannan ake iya cewa shi ne. Na farkon hasashe ne mai ƙarfi, na biyun tabbatarwa. Wasu lab ɗin ma yanzu suna rubuta su tare a takardar bayopsi, LSIL sannan CIN1 a gefe, duk abu ɗaya ake nufi. Akwai kuma ASC-US da za ki iya gani, wannan ma ya fi sauƙi, ma'anarsa mai duba ya ga ƙwayoyin ba su yi daidai sosai ba amma ba su kai a kira su LSIL ba, yawanci sai a haɗa da gwajin HPV a ga ko akwai dalilin ci gaba da bincike.

Gwajin HPV ɗin kansa daban yake, shi ba siffar ƙwayoyin halitta yake dubawa ba, ƙwayar cutar yake nema kai tsaye, kuma tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ya fi dacewa a fara da shi, daga shekara 30, a maimaita duk bayan shekara 5 zuwa 10. Abin da ya fi burge ni da shi shi ne mace na iya ɗaukar samfurin da kanta da ɗan tsinken auduga, ba sai ta hau gado ba, wanda ga mata masu kunya ko tsoro ba ƙaramin sauƙi ba ne. In an ce miki HPV ɗinki ya nuna akwai, ki tambaya wane nau'i, domin 16 da 18 ana bin su da ido sosai fiye da sauran.

Sai kolposkopi, wanda sunansa ya fi aikinsa ban tsoro. Bari in faɗa miki yadda ake yi dalla-dalla don na ga rashin sani ne ke sa wasu su ƙi zuwa. Za ki kwanta kamar yadda ake gwajin Pap, a sa ɗan abin nan da ake buɗe gaba da shi, sai a matso da na'ura mai fitila da gilashin ƙara girma. Na'urar ba ta shiga jikinki, a waje take tsayawa, leƙe kawai ake yi da ita. Sai a jiƙa auduga da ruwan asid mai rauni irin na binega, kashi 3 zuwa 5 cikin 100, a shafa a bakin mahaifar, za ki ɗan ji sanyi ko ɗan zafi-zafi kaɗan, a jira kamar minti ɗaya. A nan ne wurin da ke da matsala zai yi fari. Na sha tsayawa a gefen likita ina kallo a allo, farin CIN1 siriri ne, dishi-dishi, kana iya hango jan naman ta ƙarƙashinsa, gefensa ba shi da tsari, ya kan ɗan jima kafin ya fito kuma ya yi saurin ɓacewa. Na babban mataki kuwa fari ne mai kauri, da sauri yake bayyana, gefensa a yanke sarai, ya daɗe bai tafi ba, wani lokacin har da ɗigo-ɗigon jijiyoyin jini manya a kansa. Wasu likitocin sukan ƙara da ruwan aidin, lafiyayyen wuri ya rine ya yi duhu sosai, inda ke da matsala ya tsaya rawaya. Inda ake zuba ido shi ne daidai mahaɗar fatar waje da fatar cikin ƙofar mahaifa, don a wannan iyakar ce kusan duk matsalar ke farawa.

Idan an ga wurin da ake shakka sai a gutsuri ɗan mitsitsin nama, 'yan milimita kawai, shi ne bayopsi. Wasu su ce kamar an mintsine su, wasu su ji murɗar mara irin ta al'ada na ɗan lokaci, wasu ma sai an ce an gama suke mamaki. Bayan nan za ki iya ganin ɗigon jini na 'yan kwanaki, ko wani baƙi-baƙin abu yana fita, kar ki tsorata, maganin tsayar da jinin da aka shafa ne. A ɗan dakata da saduwa har jinin ya ɗauke. Duka aikin bai fi minti 15 zuwa 20 ba.

To rizalt ya fito, CIN1. Me ya sa ba za a cire shi kawai a huta ba? Wannan ita ce tambayar da kowa ke yi, kuma tambaya ce mai ma'ana, ni ma da ban san abin da na sani ba ita zan yi.

Dalili na farko, yawancinsa da kansa yake tafiya. Akwai wani nazari da aka wallafa a 1993 wanda ya tattara binciken shekaru masu yawa, har yau ana kafa hujja da shi, ya nuna a cikin mata 10 masu CIN1 kusan 6 abin ya warke ba tare da an taɓa shi ba, kimanin 3 ya tsaya yadda yake, kusan 1 ya hau zuwa CIN3, wanda ya kai ga kansa kuma kimanin 1 cikin 100 ne. Ga 'yan mata masu ƙarancin shekaru abin ya ma fi haka kyau, wani bincike na 2004 ya nuna kusan 9 cikin 10 LSIL ɗinsu ya ɓace cikin shekara 3. Kuma ki tuna ita wadda nata ya hau ɗin ba dare ɗaya ya hau ba, a hankali yake tafiya, in tana zuwa bibiya za a kama shi a matakin CIN2 ko CIN3 a yi maganinsa cikin 'yan mintuna tun bai zama komai ba.

Dalili na biyu, wanda ni ya fi tsaya min a rai, bakin mahaifa ba ado ba ne, aiki yake yi. Shi ne ke riƙe ciki a rufe har wata tara. Aikin da ake kira LEEP, wasu ƙasashen su ce LLETZ, ana amfani da siririyar waya mai lantarki a yanko wurin da ke da matsala, aiki ne mai kyau ƙwarai ga wadda take buƙatarsa, ya ceci rayukan mata da ba su ƙirguwa. Amma duk naman da aka yanke ya tafi, kuma bincike ya nuna yana ƙara yiwuwar haihuwa kafin lokaci a cikin da za a ɗauka gaba, musamman in yankan ya yi zurfi ko an maimaita shi. Wani lokacin kuma ƙofar ta tsuke bayan ta warke har gwajin gaba ya yi wahala. Ga mai CIN3 wannan farashi ne da ya cancanci a biya ba tare da wani dogon tunani ba. Amma yarinya 'yar shekara 26 da ko haihuwar fari ba ta yi ba, a yanke mata bakin mahaifa saboda abin da da an ba shi shekara ɗaya zai tafi da kansa? Gaskiya ni ban ga hikimar ba, kuma ƙa'idojin masana ma ba su goyi bayan haka ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne in ji an ce wa mace a cire mata mahaifa gaba ɗaya saboda CIN1. Na taɓa haɗuwa da wata baiwar Allah da ta zo neman ra'ayi na biyu, ta riga ta gama kukanta ta haƙura, har an sa mata rana a wani wurin, takardarta kuma CIN1 ce kawai a rubuce ba wani abu. Likitarmu ta karanta ta sake karantawa, ta tambaye ta ko akwai wata matsalar daban, zubar jini ko ƙari a mahaifa, ta ce babu. Ta ajiye takardar ta ce mata Hajiya, wannan ba ya buƙatar tiyata, ki je ki dawo mu sake gwaji. Matar ta yi shiru ta kasa yarda, sai da aka ɗauko takarda aka zana mata fatar nan hawa uku aka nuna mata inda nata ya tsaya. Cire mahaifa ba maganin CIN1 ba ne, duk wanda ya ce miki haka ba tare da wani dalili daban ba, ki nemi wani likitan ya duba takardunki kafin ki sa hannu a komai.

Amma kar in yi ta yabon jira har ki ɗauka kullum haka ne. Akwai lokutan da lissafin ke canzawa. Idan gwajin Pap ya nuna babban mataki, wato HSIL, amma bayopsi ya dawo da CIN1, to nan akwai saɓani, mai yiwuwa inda aka gutsura ba nan ne mafi munin wurin ba, dole a sake duba samfuran ko a matso da bibiya ko ma a yanko wurin don a tabbatar. Idan likita bai iya ganin mahaɗar nan gaba ɗaya ba saboda ta shige ciki, abin da ya fi faruwa ga matan da suka manyanta, shi ma ana ƙara taka-tsantsan. Idan kuma CIN1 ya ƙi tafiya har shekara 2, ƙa'idojin 2019 na masana a Amurka sun ce ci gaba da sa ido shi aka fi so, amma in an zaɓi yin magani ba laifi, a nan ra'ayinki na da muhimmanci, shekarunki, ko kin gama haihuwa, da yadda zaman jiran ke damun ki.

Sai kuma wani tsari da ya kamata in yi wa adalci, wanda ake gwadawa a yi magani a rana ɗaya. A wuraren da babu lab mai duba bayopsi, ko mace ta taho daga nesa kuma kowa ya san da wuya ta sake dawowa, ana shafa ruwan asid ɗin nan a duba da ido, ko a yi gwajin HPV, in an ga alama kuma wurin ya dace sai a kashe shi nan take. Ko dai da sanyi, a daskarar da wurin da iskar gas minti 3, a bari ya narke minti 5, a sake minti 3, ko da zafi, a ɗora wani ɗan ƙarfe mai zafin digiri 100 na daƙiƙa 20 zuwa 30. Tabbas a cikin waɗanda ake yi wa haka akwai masu CIN1 da da an bar su za su warke, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin, kuma ni ma ina ganin daidai ne, saboda waɗannan hanyoyin ba sa yanke nama, illarsu kaɗan ce, mafi yawa ruwa-ruwa ne zai yi ta fita na 'yan makonni a kuma dakata da saduwa kamar wata ɗaya. Haɗarin macen da ta tafi ba ta dawo ba ya fi wannan nesa ba kusa ba. A 2022 mata kusan 660,000 aka gano suna da sankarar bakin mahaifa a duniya, kimanin 350,000 suka rasu, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na mutuwar a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ne, inda gwaji da bibiya suka yi ƙaranci. Don haka in an yi miki irin wannan ba cutar ki aka yi ba.

To ba a nan gizo ke saƙar ba, inda yake saƙar shi ne dawowa. Mun gaya wa mace ba kansa ba ce, ta yi hamdala, hankalinta ya kwanta, sai ya kwanta da yawa. Wata 12 ya zo ya wuce, ciki ya shiga, yaye ya zo, an canza gari, katin asibiti ya ɓata, tunda ba abin da ke mata ciwo sai abin ya fita a ranta kwata-kwata. Shi kuwa CIN ko na mataki na uku ne ba ya ciwo, ba ya ba da wata alama, ba za ki taɓa jin yana hawa ba. Jin lafiya ƙalau ba hujja ba ce a nan. Duk lissafin da na kawo a sama na cewa jira ba shi da haɗari, an gina shi ne a kan cewa wani zai sake leƙawa. Don Allah tun ranar da aka ba ki rizalt ki sa ranar dawowa a wayarki, ki ɗauki hoton takardar ki adana, ki gaya wa mutum ɗaya da kika yarda da shi ya tuna miki.

Sai maganar maigida, wadda ba a cika yi a ɗakin likita ba amma ita ke hana wasu barci. Da an ce ta hanyar saduwa ake ɗauka sai zargi ya shigo, ita tana kallonsa shi yana kallonta. Ku ji ni da kyau, HPV na iya kwanciya a jiki shekaru masu yawa ba ta nuna kanta ba sannan ta bayyana, babu gwajin da zai faɗa miki yaushe ta shiga ko daga wa ta zo. Mace mai miji ɗaya tak a rayuwarta na iya samunta. Wannan rizalt ɗin ba shaidar cin amana ba ne a kan kowa, kuma abin takaici ne a ga gida ya hargitse a kan abin da kimiyya ma ba ta iya tantancewa. Ba a hana saduwa saboda CIN1. Kwaroron roba yana rage yaɗuwar ƙwayar amma ba ya karewa ɗari bisa ɗari tunda ba duk fata yake rufewa ba. Maza kuma babu wani gwajin HPV na yau da kullum da ake yi musu, babu kuma ƙwayar da za a ba shi ya sha.

Wannan ya kawo ni kan masu talla a intanet. Har yanzu babu wani magani na sha ko na cusawa da aka tabbatar yana kashe HPV, antibayotik ma ba ya taɓa ta tunda ba bakteriya ba ce. Amma da yake yawancin CIN1 da kansa yake tafiya, duk wanda ya sayar miki da wani abu kika sha wata shida kika koma aka ce ya warke, sai ya ce nasa ne ya yi aiki, ya ɗauki hoton rizalt ɗinki ya ƙara talla, alhali garkuwar jikinki ce ta yi. Na cusawar ma sun fi damuna, suna iya ƙona wurin ko su kawo kumburi har gwajin gaba ya rikice a kasa karanta shi da kyau. Abin da aka tabbatar yana da tasiri shi ne taba sigari, mai shan ta HPV ta fi daɗewa a jikinta kuma canje-canjen sun fi saurin hawa, in kina sha wannan babban dalili ne na bari.

Ki kuma san matsayinki game da HIV, in ba ki yi gwaji kwanan nan ba ki yi. Mace mai ɗauke da HIV ta ninka sauran mata sau 6 wajen haɗarin sankarar bakin mahaifa, kuma ga mai raunin garkuwa tafiyar da ke ɗaukar shekara 15 zuwa 20 na iya zama 5 zuwa 10. Shi ya sa su ake fara musu gwaji tun shekara 25 a riƙa maimaitawa duk shekara 3 zuwa 5, shan maganin HIV a kan ƙa'ida kuma yana taimaka wa jiki ya yaƙi HPV ɗin. Haka wadda aka yi wa dashen ƙoda ko take shan magungunan da ke danne garkuwa, ta tabbata likitan da ke bibiyarta ya sani.

Mai ciki kuma ta kwantar da hankalinta. CIN1 ba ya taɓa jariri, ba ya hana haihuwa da kanki, ba dalilin tiyata ba ne, kuma ba a yin maganinsa da ciki, ana bari sai bayan an sauka da 'yan makonni a sake dubawa, da yawa ma a tarar ya tafi. Ba ya hana ɗaukar ciki kuma, don haka wadda ke neman haihuwa ba sai ta dakata ba, ta dai gaya wa likita don a tsara lokacin gwajin.

Rigakafin HPV ma ana tambayata a kai. Tun 2006 ake amfani da allurar, tana hana kamuwa amma ba ta warkar da wadda ta riga ta shiga, don haka ba za ta goge miki CIN1 ba, ko da yake tana iya kare ki daga nau'o'in da ba ki haɗu da su ba, ki tattauna da likita. Inda ta fi amfani shi ne 'ya'yanmu mata 'yan shekara 9 zuwa 14, tun kafin su haɗu da ƙwayar. Burin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a 2020 shi ne zuwa 2030 a yi wa kashi 90 cikin 100 na 'yan mata allurar kafin su cika 15, a gwada kashi 70 na mata a shekara 35 a sake a 45, a kuma yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da matsala magani. Wadda aka yi wa allurar ma sai ta riƙa zuwa gwaji in ta kai shekarun.

Ranar da kika koma bayan wata 12, yawanci gwajin HPV za a yi, ko shi da Pap tare, ya danganta da tsarin inda kike. In ya fito babu HPV kuma ƙwayoyin sun koma daidai, za a ƙara tazarar gwajin har a mayar da ke layin kowa da kowa. In HPV tana nan ko Pap ya sake nuna wani abu, sai a sake kolposkopi a ga ko yana nan yadda yake ko ya motsa, wannan ma ba yana nufin abu ya lalace ba, wasu jikin nasu ya fi ɗaukar lokaci. Ki je da tsohuwar takardarki don a kwatanta, kuma in zai yiwu ki zaɓi ranar da ba kya al'ada.

Amma akwai abubuwan da ba a jira wata 12 a kansu. In kin fara ganin jini bayan saduwa, ko jini tsakanin al'ada da al'ada, ko jini bayan al'ada ta ɗauke miki gaba ɗaya, ko ruwa mai wari da ya ƙi jin magani, ko ciwon mara da baya da ya ƙi tafiya, kar ki ce ai an ce min CIN1 ne kuma ranata ba ta yi ba. Shi CIN1 ba ya kawo waɗannan, don haka dole a nemo abin da ke kawo su, sau da yawa ƙaramin abu ne kamar infekshan ko ɗan tsiro a bakin mahaifa, amma sai an duba ake sani. Ki koma asibiti a wannan satin, ki ce musu a sake leƙa bakin mahaifar da ido, kar a rubuta miki magani kawai a sallame ki.